Aikin sayayya a ƙasar da ake yaƙi: a hannun wa kuɗin suke kwana?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana aikin sayayya a wani kamfani mai zaman kansa, ga shi yanzu wata hukumar raya ƙasashe ta duniya ta ɗauke shi, za ta tura shi wata ƙasa da ake yaƙi a matsayin jami'in sayayya. Abokansa sun ce masa duk kanwar ja ce, takardu ne kawai suka fi yawa, albashi kuma ya fi tsoka. Yana so ya san ko haka abin yake, da irin shirin da ya kamata ya yi kafin ya tashi.

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, ya kai ka lafiya. Abokanka sun yi gaskiya ta wani ɓangaren. Tsarin aikin ka riga ka san shi: sashen da ke da buƙata ya rubuto, a fayyace siffar kaya, a nemi farashi, a kwatanta, a ba da kwangila, a karɓi kaya, sannan a biya. Ƙaramar sayayya a nemi takardun farashi, yawanci uku. Babba a fitar da tanda a fili, wato a yi sanarwa 'yan kwangila su yi gasar farashi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka yi sayayyar dala biliyan 24.9 a 2023, sun ɗora aikin a kan ginshiƙai huɗu: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, a yi adalci kuma a fili, a buɗe gasa ta gaske, a kare muradin hukumar. Duk wannan cikin 'yan watanni za ka laƙance shi.

Abin da littafin ƙa'ida ba zai koya maka ba shi ne wannan. A kamfaninka, da zarar kaya sun iso da inganci, a kan lokaci, a farashi mai kyau, ka sauke nauyi. A ƙasar da ake yaƙi akwai tambayar da ke biyo baya, kuma ita ce ta fi sauran nauyi: kuɗin da ka biya, a hannun wa suka kwana? Yaƙi yana kashe kasuwa. Masana'antu sun rufe, manyan attajirai sun kwashe iyalansu sun tsallake, gwamnati ba ta iya biyan albashi. Sai ka tarar ofishinku ne babban mai saye a gari, kusan shi kaɗai ke biya da dala kuma a kan kari. To, bayan shekaru ana luguden wuta, wa ya rage da tireloli masu tafiya, da ma'ajiyar mai a cike, da siton da ba a fasa ba? Galibi mutumin da ya daidaita da masu riƙe da bindiga, ko yaronsu, ko su da kansu da wani sunan. Akwai mutanen kirki da Allah ya tsare musu dukiyarsu, ba na musun wannan. Amma bincike ne zai wanke wanda zai wanke, ba fara'ar fuska ba.

A watan Yunin 2010 wani ƙaramin kwamitin Majalisar Wakilan Amurka, ƙarƙashin John Tierney, ya fitar da bincikensa a kan kwangilar jigilar kaya ta dala biliyan 2.16 da sojojin Amurka suka raba wa kamfanoni 8 a Afganistan. A takarda komai tsaf: an yi gasa, an sa hannu, kaya suna isa sansanoni. A kan hanya kuwa, ana biyan madugan yaƙi kuɗin kariya a kan kowace mota, kuma 'yan kwangilar da kansu sun yi ta ƙorafin cewa wani kaso yana ƙarewa a hannun 'yan tawayen da ake yaƙa. Kwangilar soja ce, amma hanyoyin da motocin suka bi su ne sumuntin makaranta da maganin asibiti suke bi. Kafin nan akwai shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na sayar da mai don sayen abinci a Iraƙi, daga 1996 zuwa 2003, inda kwamitin bincike ƙarƙashin Paul Volcker ya gano a 2005 cewa kamfanoni sama da 2,000 sun biya gwamnatin Saddam Hussein kuɗin bayan fage kimanin dala biliyan 1.8. Mafi yawansu an cusa su cikin farashi ne da sunan kuɗin jigilar cikin gida da kuɗin kula da kaya bayan sayarwa. Layi ɗaya ne a takardar farashi, wanda jami'in sayayya zai wuce bai ko lura ba.

Saboda haka tantance ɗan kwangila shi ne jigon aikinka. Akwai matakin da kowa ke yi: a duba sunan kamfani da na shugabanninsa a jerin takunkumin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, da na Baitulmalin Amurka, da na Tarayyar Turai, da jerin waɗanda aka haramta wa kwangila. Tun Afrilun 2010 Bankin Duniya da wasu manyan bankunan raya ƙasashe 4 suka amince cewa wanda ɗaya ya kora fiye da shekara guda, sauran ma sun kore shi. Ka yi wannan dubawar, ka buga shaidarta da kwanan wata, ka saka a fayil. Sai dai kada ta rufe maka ido. Kwamandan da ke riƙe da gada ba zai yi rajistar kamfani da sunansa ba. Da sunan ƙanin matarsa zai yi, ko na direbansa, kuma kwamfuta za ta ce maka mutumin fes yake.

Abin da ke aiki shi ne tattaki. Ka je adireshin da suka rubuta, in tsaro bai bari ba ka tura wanda ka yarda da shi. An ce maka babban kamfanin gine-gine ne, sai ka tarar da shago mai ƙofa ɗaya, da tebur, da kujeru biyu. Ka tambayi waye ainihin mai kamfanin, su wa ke da hannun jari, wa ke sa hannu a asusun banki. Motocin da ya ce nasa ne, ka nemi takardunsu ka ga sunan da ke kai. Ka tambaye shi wa zai yankar wa wani ɓangaren aikin, domin a irin waɗannan wurare kwangila ɗaya takan gangara hawa uku ko huɗu, kowa ya cire rabonsa ya miƙa wa na ƙasa, har ta kai ga mutumin da abin da ya rage ba zai isa aikin kirki ba. Shi ne zai rage sumunti a kankare. Sannan ka sa a warware maka farashi dalla-dalla: nawa ne mai, nawa ne direba, nawa ne lodi da saukewa. Abin da ya saura ba shi da suna, ko aka ce masa kuɗin hanya, ko sauran hidimomi, a nan zancen yake.

Zan faɗa maka gaskiya ko da ba ta da daɗi. Akwai hanyoyin da babu motar da ke wucewa sai direba ya ajiye wani abu a shinge. Wannan matsala ba taka ce kai kaɗai ba, kada ka yarda a bar maka ita a wuya. Ka rubuta abin da ka gano, ka kai wa shugabanninka da lauyoyin hukumar da masu tattaunawar buɗe hanya, su yanke ko a sauya hanya, ko a sanar da mai ba da tallafi, ko a haƙura da aikin. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2664 na Disambar 2022 ya sassauta wa masu aikin jinƙai game da takunkumin Majalisar, amma bai shafe dokokin yaƙi da ta'addanci na ƙasashe ɗaiɗaiku ba, kuma ba kowane aikin raya ƙasa ne ya shiga inuwarsa ba. Lauya ne zai gaya maka matsayinku, kuma a rubuce.

Sai haɗin baki. Ga yadda yake zuwa teburinka. An nemi barguna, takardun farashi uku sun iso, kowace da tambarin kamfaninta da launinta daban. Ta farko ta fi arha, ta biyu da ta uku sun ɗara ta da ɗan abin da ba zai ja hankali ba. Ka jera su kusa da juna, ka bi su harafi-harafi. Kalmar da aka rubuta ba daidai ba a ta farko, ga ta nan da kuskure iri ɗaya a ta uku. Lambar wayar da ke ƙasan ta biyu, lamba ɗaya tak ta raba ta da ta farko. Hatiman uku tawadarsu ɗaya, duk ta dushe ta gefen hagu. In ta imel suka zo, ka buɗe bayanan fayil ɗin, sai ka ga a kwamfuta ɗaya aka buga su, mintuna kaɗan tsakani. Mutum ɗaya ne ya zauna ya yi gasa da kansa, kuma sau da yawa wani na cikin ofis ne ya tsegunta masa kasafin da aka ware. A watan Mayun 2016 ofishin babban mai bincike na USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, ya bayyana irin wannan a Turkiyya, inda 'yan kasuwa da wasu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka haɗa kai wajen murɗe tanda da kashi-mu-raba a kan kayan da ake tsallakawa da su Siriya, ana aringizon farashi a kan kaya marasa inganci. Aka dakatar da ayyuka, waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu kuwa su ne mutanen da ke sansanoni suna jiran kayan.

Maganin sananne ne, riƙe shi ne da wuya: wanda ya nemi kaya ba shi zai zaɓi mai kawowa ba, wanda ya zaɓa ba shi zai karɓa ba, wanda ya karɓa ba shi zai biya ba. Kafin a fitar da ko sisi, takardar oda da ta karɓar kaya da ta neman biya su yi daidai da juna. A ƙaramin ofishin da ke bakin daga, inda mutum huɗu ke aikin goma, wannan rabon yakan rushe ba tare da kowa ya yi niyyar ɓarna ba, ta nan kuma ɓarawo ke shiga. In ba ku da isassun hannu, wani daga babban ofis ya riƙa amincewa ta intanet.

Yanzu ga abin da zai fi hana ka barci, wato gaggawa. Za a kira ka da tsakar dare a ce an kai hari wani gari, dubban mutane sun kwararo, ana son tankunan ruwa da tantuna jibi. Tanda a fili kuwa makonni take ci. Kowace hukuma tana da ƙa'idar gaggawa da ke ba da damar taƙaita wa'adi ko ba mutum ɗaya kwangila kai tsaye, halal ce, ka yi amfani da ita in ta kama. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne kada gaggawa ta zama ɗabi'a. Yawancin abin da ake kira gaggawa a shekara ta uku ta yaƙi, sakaci ne. Kowa ya san janareta na shan mai kullum, kowa ya san ruwa zai sauka ya datse hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'in da ya iya aikinsa, lokacin da ƙura ta lafa yake yin tanda a tsanake, ya ƙulla yarjejeniyar dogon zango da masu mai, da masu motoci, da masu kayan gini, a tsayar da farashi da siffar kaya na shekara ɗaya ko biyu. Ranar da abu ya taso, takardar oda kawai zai rubuta. Kuma ba ya rataya a kan mutum ɗaya a kowane fanni, domin ranar da aka ƙone sitonsa ko ya tsere, aiki ya tsaya cik. Ga kuma rumbunan kayan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Birindisi ta Italiya da Dubai da Akara, da babban rumbun UNICEF a Kofanhegan ta Denmark. Ka san abin da ke cikinsu da yadda ake nema tun ba ka buƙata ba.

Taswira da kalanda su ma kayan aikinka ne. A Sudan ta Kudu, da ruwa ya sauka galibin hanyoyi sun zama taɓo na watanni, don haka kayan da suka taso daga tashar Mombasa, suka ratsa Yuganda, suka shigo ta Nimule, dole su isa rumbunan karkara tun da rani. Wanda ya makara da tandarsa ya jawo wa hukumarsa jigilar jirgin sama, wadda ta ninka ta mota tsada sau da yawa. Ajiye kaya da wuri ma da nasa haɗarin: a Yulin 2016, da faɗa ya ɓarke a Juba, an wawashe tan 4,500 na abinci daga babban rumbun Hukumar Samar da Abinci ta Duniya. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kuwa kusan da hanya ɗaya ta dogara, daga Duwala ta Kamaru zuwa Bangi. Da 'yan tawaye suka datse ta a Disambar 2020, manyan motoci sama da dubu suka yi cirko-cirko a kan iyaka na makonni.

Wani abin da gaggawa ke haifarwa shi ne tsinka sayayya gida-gida, don kowace ta tsaya ƙasa da adadin da ke wajabta tanda. Abokan aikinka za su roƙe ka, kuma da kyakkyawar niyya. Kada ka yi. Shi ne abu na farko da odita ke nema, ba shi da wuyar ganowa. In lokaci ya ƙure, ka bi ƙa'idar gaggawa a fili, ka rubuta dalili a ranar: me ya faru, su wa aka tuntuɓa, me ya sa aka zaɓi wannan, ta yaya aka tabbatar farashin bai wuce kima ba, wa ya amince. Shafi ɗaya ya isa. Odita zai zo bayan shekara biyu ko uku, harbe-harben sun zama labari, shugabanka ya koma wata ƙasa, shi kuma yana tambayar me ya sa ba a nemi farashi uku ba. Yana da haƙƙin tambaya, kuɗin harajin bayin Allah ne. Takardar da ka rubuta a wancan daren ita za ta ba shi amsa. Ka ajiye kwafin komai a rumbun intanet na hukumar, domin ofisoshi suna ƙonewa, kuma akan kwashe ma'aikata bagatatan, kowa da jaka ɗaya a hannu.

Biyan kuɗi kansa aiki ne ja. Bayan Taliban sun karɓi Kabul a Agustan 2021, Amurka ta riƙe kimanin dala biliyan 7 na babban bankin Afganistan, bankunan waje suka ɗauke ƙafa, na cikin gida suka taƙaita abin da mutum zai cira, har ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya na shigo da tsabar kuɗi ta jirgin sama daga Disambar shekarar. A irin wannan hali ƙungiyoyi da yawa sukan koma ga masu hawala, wato masu tura kuɗi ta hannun wakilansu ba ta banki ba. Tsari ne daɗaɗɗe mai aiki, amma mai hawala shi ma ɗan kwangila ne: a tantance shi, a yi gasar la'ada, ya fara biya sannan a mayar masa. Ga kuma canji. A Disambar 2015 Sudan ta Kudu ta saki kuɗinta, dala ta tashi daga fam 2.96 zuwa 18.5 a rana guda. A Yaman, tun da masu iko da birnin Sana'a suka haramta sababbin takardun riyal a ƙarshen 2019, ƙasa ɗaya ta koma da farashin canji biyu masu nisa da juna. Ɗan kwangilar da ya sa hannu da kuɗin ƙasa a kan aikin wata tara, darajarsu ta zube a wata na uku, ko ya gudu ko ya ha'inci aikin. Tun farko kwangila ta faɗi da wane kuɗi za a biya, a kan canjin wace rana, da sharaɗin sake duba farashi in mai ko canji ya wuce wani kaso. Ta kuma faɗi abin da za a biya in aka dakatar da aiki; waɗanda suka ga umarnin tsayar da ayyukan USAID a Janairun 2025, da kaya a kan teku da gine-gine rabi da rabi, sun san darajar wannan sashen.

Kuɗin kafin alƙalami, ƙa'ida ta fi son sai da lamunin banki. Inda bankin kansa ba shi da tabbas, ƙaramin ɗan kwangila ba zai sami lamuni ba, sai a raba aikin zango-zango, a biya kowane zango bayan an gani da ido. Kuma in ya gama a biya shi da wuri. Na sha ganin 'yan kasuwa masu gaskiya sun durƙushe saboda takardarsu ta yi watanni a kan teburin wani. Gobe in ka fitar da tanda, masu iya jira su ne waɗanda ba za ka so sanin asalin jarinsu ba.

Sharuɗɗan cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, na 2020, suna faɗa maka daidai inda haɗari ke tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma naka. Bambancin a miƙa kaya a tashar jirgin ruwa da a miƙa su a ƙofar sitonku, shi ne wa zai yi asara in aka tare mota a daji. Ka kuma sani inshorar kaya ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar yaƙi, wadda ake saye daban ta yaƙin ma galibi a kan ruwa ko a sama take aiki, da kaya sun sauka ƙasa ta ƙare.

Samfurin da ake kawowa ranar tanda kullum mai kyau ne. Ka sa hannu a jikinsa, kai da mai kawowa, ka kulle shi a kabad. Ranar da mota ta iso, kada a tsaya ga dilolin bakin ƙofa. Lebura su ciro daga tsakiya da can ƙurya. A ɗora bargo a sikeli a gwada da samfurin, domin ido ba ya gane an rage zare, sikeli kuwa yana ganewa. Tankar mai, a duba hatimin murfinta, a zura sandar gwajin ruwa har ƙasa. Magani kuwa ba a sayensa a kasuwa don ya fi kusa ko ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi jabu ne ko mara inganci, balle inda hukumar sa ido ta ruguje. A nan araha ba ta ado, kisa take yi. Inda ba za ka iya zuwa ba, akan ɗauki kamfanin sa ido, a nemi hotuna masu nuna wuri da lokaci, a kira mutanen garin a waya. Mai sa idon ma ana iya saye shi ko a tsorata shi, don haka kada hujja ɗaya ta ishe ka.

Sayen kaya a cikin ƙasar abu ne da nake goyon baya da zuciya ɗaya. Kuɗin suna zama a gari, matasa su sami aikin da ba na ɗaukar bindiga ba. Amma da lura. In ka share hatsin kasuwa ɗaya a mako ɗaya, ka tayar da farashi a kan mutanen da ka zo taimako. In kuma kwangilolinka duka suka faɗa hannun ƙabila ɗaya, ko da tsakani da Allah gasa ce ta ba su, ɗaya ɓangaren zai ce hukumar ta ɗauki ɓangare, kuma a kan motocinku za a huce. Ba raba kwangila bisa ƙabila nake nufi ba. Ka binciki abin da ya hana wasu shiga: ta yiwu sanarwar a jaridar babban birni kawai take fita, da harshen da ba sa ji, ko akwatin tanda yana unguwar da ba za su iya takawa ba, ko ana neman bayanan odita na shekara uku daga mutumin da aka ƙone shagonsa bara. Ka kasa babbar kwangila kashi-kashi tun a sanarwa, jimillar tana bayyane, ka kira taron bayani, ka sauƙaƙa fom.

Kai baƙo ne, wata rana za ka hau jirgi. Abokan aikinka 'yan ƙasa suna nan, kowa ya san gidajensu da makarantar 'ya'yansu, kuma mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa ko sacewa kowace shekara su ne. In wani mai ƙarfi ya faɗi tanda, ba kai zai tara a hanya ba, mataimakinka zai tara. Don haka wasiƙar rashin nasara ta fita da sunan kwamiti ko da sa hannunka, shi kuma ya iya cewa ba shi da ta cewa. In ya zo ya ce maka ana matsa masa, ka saurare shi, kada ka fara da zargi. Kyauta kuwa, komai ƙanƙantarta, ka mayar cikin mutunci ka rubuta a rajista. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma inda bindiga ke yawo askin ba ya ƙarewa. Barazana in ta zo, a ranar ka kai wa jami'in tsaro, kada ka ce za ka shanye.

Game da shiri, in ba ka da takardar CIPS, wato shaidar ƙwarewa a aikin sayayya, ka fara nemanta. Ka karanta littafin sayayyar hukumarka daga bango zuwa bango, da yarjejeniyar mai ba da tallafi, domin inda ƙa'idojin biyu suka saɓa, mafi tsauri ake bi. Ka nemi rahotannin ayarin ƙwararru na Kwamitin Sulhu a kan ƙasar, in akwai; sukan ambaci kamfanoni da hanyoyin da kuɗin yaƙi ke bi, kuma a buɗe suke a intanet. Kafin ka sa hannu ka tambaye su mutum nawa ne a sashen, me binciken odita na ƙarshe ya gano, me ya sa wanda za ka gada ya tafi, da kuma wa za ka kai wa ƙara in shugabanka da kansa ne ya ce a ba wane.

In ka isa, makonnin farko kada ka yi saurin canza komai, kada kuma ka yi saurin sa hannu. Ka sa a fito maka da duk abin da aka biya a shekara biyun da suka wuce, ka jera shi bisa sunan ɗan kwangila, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ka ɗauki goman farko ka ciro fayilolinsu ɗaya bayan ɗaya. Ka duba su wa ke yawan zuwa na biyu da na uku a tandar da suke ci, sau nawa aka ƙara musu kuɗi bayan sa hannu, sau nawa aka ce gaggawa ce, da kuma yaushe rabon da wani daga ofis ya taka ya je wurinsu. Daga nan ka nemi mota da izinin jami'in tsaro, ka fara da na ɗaya.